Me Ya Sa Famfon Agaji Ke Saurin Mutuwa?

Wani mai sauraronmu daga Karfi, a Ƙaramar Hukumar Malumfashi, ya ce ƙungiyoyin agaji kan haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, a yi bikin buɗewa, amma kafin a je ko'ina famfo ya tsaya. Laifin wa?

To Malam, mun gode. Da fari dai, ƙasar kudancin Katsina dutse ne a ƙarƙashinta, ruwa na maƙale ne cikin tsagoginsa. In ɗan kwangila bai yi awo ba, ko ya haƙa da damina, bazara na shigowa sai rijiya ta ƙafe.

Amma galibi abin bai kai nan ba. Wata 'yar roba ce cikin famfon ke cinyewa, a rasa mai sauya ta. Shi ya sa UNICEF da hukumar ruwan karkara ta Katsina, RUWASSA, ke kafa kwamitin ruwa, WASHCOM, maza da mata, mai tara kuɗin gyara.

Kada a raina wannan. Ranar da famfo ya mutu, 'yan mata ne ke ɗaukar jarka su nufi rafi, a makaranta kuwa malami na kiran suna rabin aji ba ya nan. Ku fara tambayar mai unguwarku, wa ke riƙe da asusun gyaran famfo?