Ziyarar Giwayen Yankari: Yadda Magidanci Zai Shirya Hutun Iyalinsa

Yawancin 'ya'yan Hausawa sun san giwa ne a tatsuniya da karin magana da kirarin sarakuna. Kaɗan ne suka taɓa ganinta tana kiwo a dawa. Alhali kuwa a Jihar Bauchi, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, akwai garken da ake ɗauka shi ne mafi girma cikin giwayen da suka rage a Nijeriya. Magidancin da ke Kano ko Jos ko Gombe yana iya karya kumallo a gidansa, ya yi sallar La'asar a sansanin Wikki da ke tsakiyar dajin Yankari, shi da iyalinsa.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a ɗaura kaya. Yara suna ganin hotunan sansanonin giwaye na ƙasashen Asiya, irin su Tailan da Indiya, inda ake hawan giwa, a yi mata wanka, a miƙa mata ayaba. Waɗancan giwaye ne horarru. Na Yankari 'yan dawa ne, ba su da turke, ba su da makiyayi, ba kuma wanda ke kiransu su zo. Saboda haka duk shirin tafiyar, daga zaɓen wata har zuwa lokacin tashi daga barci, ana gina shi ne a kan ɗabi'ar giwa.

Dajin da mazaunansa

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi abinta. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji kuma ya ratsa tsakiyarsa.

Ban da giwa, akwai ɓauna da dorina da kada, akwai gwanki da kanki da mazo da gwambaza, ga gadu da birai iri-iri, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Har zaki yana nan, ko da yake ganinsa sai mai babban rabo. Giwayen kuwa sun haura 300 a farkon shekarun 2000, amma masu farautar haure suka rage su ƙwarai, har ƙiyasin baya-bayan nan ya tsaya tsakanin 100 da 150. Garke ne ƙarami a daji mai faɗi, shi ya sa ganinsu ke bukatar dabara da haƙuri.

Zaɓen lokaci

Ƙasaitacciyar giwa takan ci ciyawa da ganye da ɓawon itace har wajen kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100. Da damina ruwa yana ko'ina, kowane kwari ya zama tabki, sai giwaye su watsu cikin daji. Ga ciyawa ta fi mutum tsawo, ga hanyoyin mota sun caɓe. Mai zuwa a watan Agusta zai sha kallon kore shar, amma da wuya ya ga abin da ya kawo shi.

Da rani kuwa al'amarin ya juya. Tabkuna sun ƙafe, ganye ya kakkaɓe, ido yana kaiwa nesa, namun daji kuma dole su gangaro fadamar Gaji don shan ruwa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ke nan. Hutun makaranta na Disamba yana da daɗin yanayi, sai dai hunturu da ƙura da cunkoson baƙi na ƙarshen shekara. Hutun Afrilu ya fi ba da damar ganin giwa, amma bazara ce, zafinta kuma ba wasa ba ne ga jarirai da tsofaffi. Wanda ke da halin zuwa a Fabrairu ko farkon Maris ya haɗa riba biyu. A kuma duba kalanda, kada tafiyar ta faɗo cikin azumi ba shiri. Ranakun bikin Sallah da na Kirsimeti ɗakuna sukan cika, hayaniya ta yi yawa, don haka mai neman natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako.

Kwana nawa za a yi? Kwana ɗaya ya yi kaɗan, domin fita ɗaya ce tak za a samu, in ba a dace ba shi ke nan. Kwana uku suna ba da damar fita sau huɗu ko biyar, ga lokacin hutawa. A mazhabar Malikiyya kuma matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana nan kan sallar ƙasaru.

Hanya da guzuri

Daga Kano ana bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, tafiyar wajen kilomita 300. Daga Jos kilomita 130 ce ko kusa da haka. Mai zuwa daga nesa yana iya sauka a filin jirgin sama na Bauchi, ya ɗauki shatar mota. Daga birnin sai a kama hanyar Gombe, a Dindima a saki babban titi a yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar shiga take. Mutane da yawa sukan ɗauka sun iso idan suka ga ƙofa, alhali da sauran fiye da kilomita 40 cikin daji kafin a kai Wikki. A wannan tsakanin ba gidan mai, ba bakanike, ba mai faci. A cika tanki tun daga Bauchi, a duba safaya da jak da ruwan lagireto, a kuma lissafa tafiyar yadda za a isa da sauran rana. Kafin a tashi daga gida, a tuntuɓi hukumar gandun a kama ɗaki, a ji farashin ranar, a tambayi lafiyar hanya.

Kasafin kuɗi ya ƙunshi kuɗin shiga na kowane kai da na mota, da na ɗaki, da na abinci, da na motar zagaya daji da ɗan rakiya. A riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin layin waya a daji ba abin dogaro ba ne. Uwargida kuma ta tanadi abin da ba ya saurin lalacewa: dambun nama, kilishi, soyayyen yaji, garin kunu, dabino, da ruwan sha mai yawa. A haɗa da gidan sauro, da tocila, da maganin zazzaɓi, da gishirin haɗa ruwan gudawa saboda yara, da magungunan da tsofaffi ke sha kullum. Dajin yana da ƙudan tsando, mai cizo kamar an soka allura, kuma baƙin tufa da shuɗi mai duhu su ne ke jawo shi. Tufafi masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu, su suka dace.

Fita neman giwa

Ana fita zagaya ne sau biyu a yini, da sanyin safiya da kuma bayan La'asar, domin da tsakar rana dabbobi suna cikin inuwa. Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Wannan mutum shi ne idon tafiyar, kuma yaron da aka zaunar kusa da shi zai koyi abin da babu a littafin makaranta. Zai nuna masa sawun giwa a kan rairayi, zagayayye mai faɗin faifai, ya gwada masa yadda ake gane inda ta dosa. Zai tsayar da mota a kan tulin kashinta, ya farfasa da sanda: in da danshi a ciki, garken bai yi nisa ba, in ya bushe ya zama ɓuntun ciyawa, sun kwana biyu da wucewa. Rassan da aka karya daga sama, da itacen da aka saɓule wa ɓawo har farin jikinsa ya fito, duk shaidu ne.

Idan Allah ya sa aka dace, direba yakan kashe inji. A nan ake bukatar iyaye su riƙe 'ya'yansu: ba ihu, ba tafi, ba jifa, ba sauka daga mota. Garken giwa tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, tare da 'ya'yanta mata da jikoki, manyan toraye kuwa sukan ware su yi kiwonsu daban. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa guda, don haka ba ta wasa da wanda ya kusanci ɗanta. In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgizawa, ta buga kuwwa, gargaɗi take yi, kuma abin da ɗan rakiya ya ce a yi shi za a yi ba gardama.

Ana kuma iya zagayawa har sau uku ba a ga ko wutsiyarta ba. Ya kamata uba ya faɗa wa yara haka tun a gida. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa zai dawo da kuka, amma wanda aka ba takarda da fensir aka ce ya rubuta duk dabbar da ya gani zai dawo da jerin sunaye yana alfahari.

Zaman Wikki

Tsakar rana ta maɓuɓɓugar Wikki ce. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse a gangaren sansanin, garai-garai, ana hango farin yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana nan a kan digiri 31, dare da rana, rani da damina, kuma ana ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, ya isa ya shanye babban mutum. Can ƙasa ne yake da dama-dama. Kada a bar yaro a ruwa ba babba a gefensa, ko da na minti ɗaya. Matan da ke son sutura su zaɓi lokacin da jama'a suka tafi zagaya.

Masu gidan na gaskiya a Wikki su ne gwaggon birai. Sun saba da mutane har ba sa tsoro. Sun san leda, sun san kular abinci, suna iya tura ƙofar da ba a kulle ba, su fizge burodi a hannun yaro kafin ya ankara. A riƙa kulle ɗaki da tagogi, a ɗaga gilasan mota, a ci abinci a ciki. Ba su abinci da hannu shi ne ke ƙara musu tsaurin ido, cizonsu kuma yana kai mutum asibiti. Gadu ma yana yawo tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo; a kalle shi daga nesa.

Ziyarce-ziyarcen yini

Cikin gandun kansa akwai wuraren tarihi da suka isa cika yini guda. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan Baturen da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai zane-zanen Tunga Dutse, da kufan matoyar ƙarfe da ke nuna cewa maƙera sun daɗe suna narka tama a wurin kafin a san da wani gandu. Duk waɗannan sai da ɗan rakiya da takalmi mai ƙwari.

Wuraren da ke waje kuwa, kuskure ne a riƙa fita daga Wikki ana dawowa, domin zuwa Bauchi da komowa ya haura kilomita 200. Gara a sa su a ranar zuwa ko ta komawa. A birnin akwai kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma mawallafin Shaihu Umar, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Kusa da shi akwai ɗakin adana kayansa. Akwai fadar Sarkin Bauchi, gidan zuriyar Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ba a kuma barin garin ba a ci masar Bauchi ba. Masu komawa ta hanyar Kano suna iya ratsewa gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, su kuma tsaya a Kafin Madaki su ga tsohon ginin Babban Gwani, magini na ƙarni na 19.

Haƙƙin daji da maƙwabtansa

Yankari ba shi da shinge. Da kaka giwaye sukan fita su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma garke ɗaya yana iya cinye noman shekara a dare guda. Ga mafarauta, ga masu shigar da shanu kiwo, har wasu masu gadin dajin sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da Gwamnatin Bauchi wajen sintiri, an kuma ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan'adam, don a gargaɗi manoma da wuri. Bayan 2015 kashe giwaye ya ragu sosai.

Mai ziyara ma yana da nasa rabon aikin. Ya biya kuɗin shiga ya karɓi rasit. Ya sayi tsaraba a hannun mutanen ƙauyukan hanya, domin su ma su ga amfanin zama kusa da gandun. Kada ya sayi naman daji ko fata ko wani abin da aka sassaƙa da haure, dokar ƙasa ta hana cinikinsa. Leda da robar ruwa a tara su a mota a fito da su. Kafin a bar Wikki kuma a shiga da yara ɗan gidan tarihin da ke sansanin, inda aka ajiye haure da fatu da ƙasusuwa, tare da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta, a bar ma'aikacin wurin ya yi musu bayanin yadda aka kama kowanne.