Man Kanumfari da Man Zafi: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

A ranakun awo da wuya mu tashi ba a samu wadda ta tambaye ni game da 'yan kwalaben nan da ake sayarwa a kasuwar Kawo da shagunan unguwa ba: man kanumfari, man na'ana'a, man itacen turare, da man zafi irin su Robb da Aboniki. Tambayar ɗaya ce, wai suna maganin ciwo kuwa?

Suna yi, amma aikinsu bai wuce fata da abin da ke kusa da ita ba. A cikin man kanumfari akwai sinadarin yujinol, wanda ya haura kashi 70 cikin 100 na man. Shi ke kashe zogin haƙori na ɗan lokaci, yana kuma rage kumburi, shi ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna haɗa shi a abin da suke toshe ramin haƙori na wucin gadi. Na'ana'a kuwa mentol gare ta. Sanyin nan da kike ji yana ɗauke hankalin jijiyoyi, sai ciwon baya ya lafa, alhali abin da ya kawo shi yana nan.

Kanumfarin da kike sawa a kunu ko yaji ba shi da laifi. Mansa ne abin tsoro, domin tatacce ne mai ƙarfin gaske. An samu ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun sha cokalin shayi ɗaya ko biyu kacal. Don haka kada ki sha, kada ki yi matsi da shi, ko da mai sayarwa ya rantse miki, kuma ki ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. In shafawa za ki yi, ki bari sai ciki ya wuce wata 3, sannan ki ɗiga ɗigo ɗaya a cikin cokalin shayi na man kwakwa ko man zaitun, ki fara gwadawa a bayan hannu.

Man zafi kuma yawanci yana ɗauke da metil salisilet, dangin asfirin ne, yana ratsa fata ya shiga jini. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan kumburi irin su ibufurofen da dikulofenak, daga mako 20 na ciki, suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. Shi ya sa ba na son ganin mai ciki tana mulke bayanta da man zafi safe da dare. Farasitamol muke bayarwa, bisa ƙa'ida.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon da ake rufewa. Wata baiwar Allah daga Rafin Guza ta yi kwana uku tana shafa man zafi a goshi saboda ciwon kai, cikinta wata 8. Uwar mijinta ce ta lura ƙafafunta da fuskarta sun kumbura ta ce a kawo ta. Da muka auna, jininta ya hau nesa da 140/90, saura kaɗan jijjiga ta kama ta. Matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, ko zubar jini, ba na shafe-shafe ba ne. Maigida, a nemi Keke Napep a taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Bayan an sauka lafiya, iyaye da kakanni ku yi haƙuri, kada a shafa wa jariri man zafi ko kafur a cibiya, hanci ko ƙirji. Yana iya hana shi numfashi, ya jawo masa jijjiga, wasu jariran kuma ya tayar musu da shawara. Ga cibiya, man kulohezidin da muke ba ki ya isa, ki dai kula kada ya taɓa idonsa.

Ran awo mai zuwa, ki zo da duk kwalbar da kike amfani da ita mu duba tare.