Takarda ta Biyu a Rumfar Zaɓe

'Ya'yana, ranar zaɓen gwamna takardu biyu malamin zaɓe yake miƙo muku. Ta farko kun san ta tun kafin ku baro gida. Kun yi wata da watanni kuna musu a kanta a teburin mai shayi da Facebook, wasunku har sun daina gaisawa saboda ita. Ta biyun kuwa, ta ɗan majalisar dokokin jiha, da ragowar tawadar da ta saura a yatsa kuke dangwala mata, daidai alamar da kuka dangwala wa ta farko, ku ninke ku jefa a akwati ku kama gabanku. Babu sunan kowa a jikinta, sai tambarin jam'iyya da haruffanta. Da za a tare mutum a bakin rumfa a ce ya faɗi sunan wanda ya ba wakilcinsa na shekara huɗu yanzun nan, da yawa sai dai su sosa ƙeya. A kan wannan takarda nake so mu ɗan zauna.

Mu ɗauki Kano. An yi zaɓen jihohi ranar 18 ga Maris 2023, bayan an ɗaga shi da mako guda. Yaron da ke tallan ruwa ma ya haddace cewa Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705, kuma gari ya bi shari'ar zaɓen mataki-mataki har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024. Amma a wannan ranar, a waɗannan rumfunan, an raba kujeru 40 na majalisar jiha: 'yan NNPP masu kwandon kayan marmari suka kwashi 26, 'yan APC masu tsintsiya 14, 'yan PDP masu lema ba su samu ko ɗaya ba. Ban ji ana cacar baki kan wannan lissafi a ko'ina ba.

To, ga abin da lissafin ya haifar. A watan Mayun 2019, majalisar da APC ke da rinjaye a cikinta ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu. Ranar 23 ga Mayu 2024, majalisar da NNPP ke da rinjaye ta soke wannan tsari, gwamna ya sa hannu a ranar, aka mayar da Muhammadu Sanusi II, wanda aka tuɓe a Maris ɗin 2020, kan sarautar Kano. Ba zan ce muku wannan ce ta yi daidai waccan ta yi kuskure ba. Kowannenku yana da ra'ayinsa, kuma maganar ta je gaban alƙalai. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, sarautar da ta yi shekaru aru-aru, sau biyu ana juya ta a zauren da mutum 40 ke zama, kuma ku ne kuka tura su can da waccan ragowar tawada. Ku kuma lura da saurin da aka yi a duka lokutan biyu. Jam'iyyun sun bambanta, huluna sun bambanta, amma tafiyar majalisar iri ɗaya ce: inda gwamna ya fuskanta nan take bi.

Ba sarauta kaɗai ba. Dokar Hisba ta 2003 daga majalisar ta fito. Dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda samarinku da 'yan matanku ke bin layin asibiti saboda ita tun 2024, daga nan ta fito. Harajin da ake karɓa a rumfar kasuwa, bashin da jiha za ta ciyo wanda jikokinku za su biya, kuɗin da za a ware wa asibitin garinku ko a hana shi, duk sai sun bi ta gabansu. Tsarin mulkin 1999 bai yarda gwamna ya taɓa kuɗin jiha ba sai da kasafin da majalisa ta amince da shi. Gwamna ba ya naɗa kwamishina sai sun tantance. In suka yi doka ya ƙi sa hannu har kwana 30, kashi biyu cikin uku na iya tabbatar da ita ba da shi ba. Kuma da kashi biyu cikin ukun nan suna iya tsige shi, bayan babban alƙalin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai ya bincika. Ko tsarin mulkin ƙasar kansa ba ya gyaruwa a Abuja kaɗai, sai majalisu 24 cikin 36 sun ce sun yarda.

Kada ku ɗauka wannan iko na takarda ne kawai. Mu da muka ga Jamhuriya ta Biyu mun ga ranar da aka zare shi. A 1979 ba rana ɗaya aka yi zaɓukan ba: na majalisun jihohi ranar 21 ga Yuli, na gwamnoni bayan mako guda. A tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na ciki, jama'a suka cika majalisa da 'yan NPN masu gida da masara, sannan suka juya suka ba Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP mai mabuɗi kujerar gwamna, ya kayar da Lawal Kaita. Abin da ya biyo baya ba daɗin tunawa. Ya kai sunayen kwamishinoni, majalisar da Mamman Abubakar Ɗanmusa ke shugabanta ta ƙi. Ya sake kaiwa, ta sake ƙi. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa yi wa haka a ƙasar nan, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Kusan shekara biyu jihar na tsaye cik, manya na gwada ƙwanji, talaka na jiran taki da magani.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce tsohon nan yana koya mana mu zaɓi gwamna a wata jam'iyya, majalisa a wata, shi ke nan an gyara. A'a. Majalisar da ta rantse sai ta ga bayan gwamna ba ta fi ta 'yan amshin shata amfani ba. Ɗaya tana cewa e ba ta karanta ba, ɗaya tana cewa a'a ba ta karanta ba. Wanda ake nema shi ne mutumin da zai karanta. Kuma tambarin jam'iyya ba ya gaya muku ko mutum yana karatu.

Yaya aka yi majalisunmu suka yi laushi haka? Wani ɓangaren laifin siyasar sak ce, wadda muka rungume tun zamanin ANPP har ta zama guguwa a 2015. Ana ce muku daga sama har ƙasa, kada a tsallake ko ɗaya. Mutumin da guguwa ta ɗauko ta ajiye a kujera ya san ba don shi aka zaɓe shi ba, don haka ba ku yake tsoro ba, uban gidan da ya ba shi takara yake tsoro. Takarar ma ba a rumfa ake yanke ta ba. Tun a zaɓen fid da gwani ake gama magana, inda 'yan deliget ƙalilan ke kwana a otal, ko kuma a kira 'yan takara cikin dare a ce an yi masalaha, wane ya janye wa wane. Ku da kuke da katin jam'iyya, a can ya kamata a ji muryarku, a taron mazaɓa, tun ana zaɓen shugabannin akwati. Wanda ya bari sai ranar zaɓe, abin da aka dafa masa kawai zai tarar.

Ɗaya ɓangaren kuma namu ne mu talakawa, kuma zan faɗa ko ba daɗi. Ku je ƙofar gidan ɗan majalisa da hantsi in ya shigo gari. Layi ne tun daga zaure har bakin titi. Wannan da takardar asibiti a ninke, wannan da katin ɗaurin aure, wannan matarsa ta haihu ragon suna ya gagara, wancan kuɗin jarrabawar ɗansa. Duk buƙatu ne na gaskiya, ban raina ko ɗaya ba, talauci ba abin wasa ba ne. Amma a cikin layin nan ba za ku sami mutum ɗaya da ya zo tambayar me ya sa asibitin ba magani alhali an sa kuɗinsa a kasafi ba. Wanda muka mayar da shi mai rabon kuɗin cefane dole ya nemi inda zai samo kuɗin, kuma ƙofa ɗaya ce a jiha ake samun irinsu. In ya shiga ta sau ɗaya da kokon bara, ba zai sake iya ɗaga murya a kan mai gidan ba. A 2010 an kawo wa majalisun jihohi gyaran tsarin mulkin da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu, amma ba a sami 24 ɗin da suka yarda ba. Sai a 2018 gyaran ya wuce.

Saboda haka, in kakar zaɓe ta zo, ku fara da sanin sunan mutumin. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da kujeru 40, kusan kowace ƙaramar hukuma da nata wakili, wasu biyu-biyu suna tarayya a ɗaya. Ma'ana ɗan majalisar jiha shi ne wanda kuka fi iya sani ciki da bai. Akwai wanda ya yi makaranta da shi, akwai wanda ya taɓa ba shi ajiya, akwai matar da ta san yadda yake riƙe iyalinsa. In yana kan kujera yana neman komawa, ku tambaye shi a bainar jama'a, cikin ladabi: wane ƙuduri ka kai, a wane kwamiti kake, yaushe ka je duba aikin da aka ce an yi a mazaɓar nan, kuma ko akwai ranar da ka taɓa ce wa jam'iyyarka a'a. In amsarsa duka buhunan shinkafar azumi ne da babura, kun san abin da kuka samu. Tsarin mulki ya tanadi kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu kafin ma a fara magana, abin da ke da wuyar gaske. Tacewa tun farko ta fi sauƙi.

Ku 'yan mata da iyayenku mata, ku ne kuke cika layi tun sanyin safiya, kuma ku ake nufa da taliya da sabulu da atamfa. Sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai. Ku duba wannan kafin ku karɓi sabulun.

Ku samari kuma, tun 2018 an rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Kujerar da ake ba ku ƙwaya da gora ku yi mata jagaliya, doka ta ce kuna iya zama a kanta. Kuma don Allah kada ku yanke zumunci saboda hula ko tsintsiya. Mun ji daga iyayenmu yadda gabar NEPU da NPC ta raba aure, ta hana wa bin ƙaninsa salla. Waɗanda kuke faɗa dominsu yau, gobe ɗaya zai sauya sheƙa ya koma wajen ɗaya, a rungume juna a ɗauki hoto, ku kuwa kuna nan unguwa ɗaya da maƙwabcin da kuka fasa wa kai.

Idan an gama jefa ƙuri'a, kada ku watse da zarar an ƙirga ta gwamna. Ku tsaya a zazzage akwati na biyu, a ƙirga a gabanku, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamakon a bango, ku ɗauki hotonsa da wayoyinku. Sannan in ƙarshen shekara ya zo gwamna ya kai kasafi, ku tara kanku ku biyar ko goma ku nemi kwafinsa, ku buɗe shafin ƙaramar hukumarku, ku kira wakilin naku ya zo ya karanta muku shi layi-layi.