Allon Zamiya: Yadda Ruwan da Bai Kai Idon Sawu Ba Yake Ɗaukar Mutum

Duk lokacin da igiyar teku ta fashe a gaɓa, takan turo wani siririn ruwa ya malale a kan yashi, ya ɗan dakata, sannan ya koma. Zurfinsa 'yan santimitoci ne kawai. A kan wannan ruwan ake yin wasan sikimbod, wanda za mu kira wasan allon zamiya. Mai wasan yakan riƙe allo a hannu ya sheƙa da gudu, ya sake shi a kan ruwan, ya taka shi da ƙafa biyu, allon ya zame da shi.

Wasan ya samo asali ne a Laguna Beach da ke kudancin Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1920, inda masu aikin ceto a bakin teku suke zamiya a kan falankin katako. A 1976 Tex Haines da Peter Prietto suka kafa kamfanin Victoria Skimboards a garin, kuma ana yin babbar gasa a gaɓar Aliso da ke can. Shi allon shafaffe ne, mai siffar ƙwai, gabansa ya ɗan ɗago, babu komai maƙale a ƙarƙashinsa. Idan aka tsayar da shi yakan kai wajen ƙirjin mai shi. Na 'yan koyo galibi na katako ne, na ƙwararru kuwa busasshiyar kumfar roba ce da aka naɗe da zaren gilas ko na kabon.

Tambayar darasinmu ita ce: me ke riƙe da mutumin? Amsar da ke saurin zuwa ita ce allon yana iyo ne kamar kwalekwale. Bari mu gwada ta da lissafi. Ƙa'idar Arkimidis ta ce ruwa yana tura abu sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Mu ɗauki allo mai tsawon santimita 120, faɗin 50, kaurin 2. Ko da an danna shi duka cikin ruwa, abin da zai ture bai wuce lita 12 ba, wato kimanin kilo 12. To, mai kilo 60 fa? Da ya tsaya a kai, allon zai nutse ya kwanta a kan yashi. Ashe ba iyo ba ne.

Sirrin yana cikin gudu. Allon da ke tafiya da gabansa a ɗan ɗage yana cin karo da ruwan da ke hanyarsa, yana danna shi ƙasa, yana feso wani gaba da gefe. Dokar motsi ta uku, cikin dokokin da Isaac Newton ya wallafa a 1687, ta ce idan abu ya tura wani, shi ma wancan zai tura shi da ƙarfi daidai wa daida ta ɗaya fuskar. Allo ya tura ruwa ƙasa, ruwa ya tura allo sama. Wannan turin shi ne ƙarfin ɗagawa. Duk wanda ya taɓa wurga tsingaro a kwance kan kududdufi, ya ga yana tsalle-tsalle kafin ya nutse, ya riga ya ga wannan ƙarfi da idonsa.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Ƙarfin ɗagawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana bin gudun ne an ninka shi da kansa. Dalili biyu ne. Idan gudu ya ninka biyu, yawan ruwan da allon ke karo da shi a kowace daƙiƙa ya ninka biyu, kuma ƙarfin da ake bugun kowane ɗigo da shi ya ninka biyu. Biyu sau biyu huɗu. Haka abin yake idan an juya shi: gudu ya ragu zuwa rabi, ɗagawa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Allon ba shi da inji, jarinsa duka gudun da mai shi ya tara ne, ruwa kuma yana ta zaftare shi. Shi ya sa zamiyar ba ta ƙarewa sannu a hankali. Kana cikin tafiya lafiya, sai ka ji allon ya lume ya tsaya cak.

Faɗin allo ma yana da nasa aiki. A raba kilo 60 a kan fili mai murabba'in santimita 5,000, kowane murabba'i zai ɗauki giram 12 kacal. Wannan ɗan matsi ruwa mai motsi yana samar da shi cikin sauƙi. Don haka mai nauyi ya nemi babban allo.

Me ya sa ake son ruwa mara zurfi? Saboda yashin da ke ƙasa ya tare wa ruwan hanya. Ruwan da allo ya danna ba shi da inda zai gudu ta ƙasa, dole ya nemi mafita ta gaba da gefuna, kuma kafin ya gama fita allon ya wuce zuwa kan sabon ruwa. Wannan matsewar tana ƙara ɗagawa. A ruwa mai zurfi babu wannan taimako, sai an fi haka gudu. Idan kuma ruwan ya yi ƙaranci ainun, allon ya goga da yashi, gogayya ta tsayar da shi nan take.

Mu zo kan hawa, inda 'yan koyo suka fi shan ƙasa. Dokar Newton ta farko ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa har sai wani ƙarfi ya hana shi. Allon da ke hannun mai gudun mita 5 a daƙiƙa, shi ma gudun mita 5 yake yi. Saboda haka ba jifa ake yi da shi ba, sakinsa ake yi a kwance dab da ruwa, ya ci gaba da tafiya tare da kai, ka taka shi ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗorawa ce a kan gudunka. Wanda ya daka tsalle ya diro daga sama ya matse ruwan ya fice gaba ɗaya. Allo ya cije a yashi, ƙafafu suka tsaya, gangar jiki kuwa ba ta samu labari ba, sai ta ci gaba, mutum ya kifa. Wanda kuma ya taka yana jingine baya, allon zai sulluɓe ya yi gaba ya bar shi rigingine.

Maganin duka biyun yana wajen cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya cewa nauyin jiki ya tattaru, kusa da cibiya ga mutumin da ke tsaye. Muddin tana saman filin da ke tsakanin ƙafafu, mutum ba zai faɗi ba. Shi ya sa ake tsayawa a karkace, a buɗe ƙafafu ɗan fiye da faɗin kafaɗa, a lanƙwasa gwiwa. A ganina lanƙwasa gwiwar nan ita ce rabin karatun. Ana kuma shafa kaki a saman allo don kada tafin ƙafa ya yi santsi.

Ɗan koyo ya nemi gaɓa shimfiɗaɗɗiya mai laushin yashi, babu duwatsu, babu jama'a a gabansa. Ya jira ruwa ya gama hawa ya fara ja da baya, ya yi gudunsa a gicciye, yana bin gefen teku. Gaɓa mai gangara, irin ta Aliso ko ta Cabo San Lucas a Meziko, ta ƙwararru ce, masu zamewa su tari igiya su juyo a kanta. Idan faɗuwa ta zo, a mirgina, kada a tokare da miƙaƙƙen hannu, don wuyan hannu da idon sawu suna cikin gaɓoɓin da aka fi ji wa ciwo. Wanda bai iya iyo ba ya fara koyon iyo.

Ko ba ka taɓa ganin teku ba, wannan ilimi ya shafe ka. Da damina, idan ruwa ya kwanta a kan kwalta, taya mai gudu takan hau kansa daidai yadda allon ke yi. Zanen da ke jikin taya magudana ce ta fitar da ruwa. Idan tayar ta cinye, ko gudu ya yi yawa, ruwan ba ya samun damar fita, tayar ta rabu da titi, birki da sitiyari su daina jin magana. Direban da ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi, har taya ta sake kama kwalta.