Yadda Ake Mayar da Motar Asibiti Ɗakin Kwana Mai Tafiya

A Amurka, idan motar ɗaukar marasa lafiya ta gama wa'adinta a hannun 'yan kwana-kwana ko hukumar gunduma, gwanjonta ake yi. Masu son motar yawo wadda za su kwana su yi girki a cikinta suna rububin waɗannan motoci, kuma suna da hujja. Akwatin baya na alminiyam ne, ba ya tsatsa. Bangonsa a miƙe yake, kafinta ba zai sha wuyar kafa kabad ba. Ga ɗakunan ajiya ta waje masu makulli, ga wayoyin lantarki an riga an shimfiɗa. Amma wannan shirin da ka tarar shi ne inda aiki ya fi ɓaci, domin duk wanda ya fara yanke-yanke kafin ya gane abin da ke gabansa zai biya kuɗin gyara sau biyu.

Fara da zaɓen mota. Iri uku ne a can: mai kan a-kori-kura da akwati a baya, ƙaramar bas zalla, sai kuma mai kan bas da akwati a haɗe. Ta ukun na fi ba da shawara, irin Ford E-350 ko E-450, saboda daga kujerar direba kana iya wucewa ɗaki ba tare da ka taka ƙasa ba. Makanikai suna yabon injin dizal na 7.3 Power Stroke, wanda aka daina sa wa motoci a 2003, suna kuma ɗari-ɗari da na 6.0 da ya gaje shi. Kada ka tsaya ga nisan da motar ta yi kawai. Duba agogon da ke ƙirga awannin inji, don motar asibiti takan wuni a kunne a ƙofar asibiti ba ta motsa ba, kuma wannan ma cin inji ne.

Da ta shigo hannunka, cire jiniya da jajayen fitilu, ka kankare rubutun jikinta da shuɗin tauraron nan mai rassa shida. Doka ba ta yarda ka hau titi da su ba. Sannan ka nemi ƙa'idar sauya rajista da inshora ta jihar da kake, don kowace da tata.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, kai ta sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Na E-450 ya kai kimanin kilo 6,500. Ka ɗebe nauyin da sikeli ya nuna, abin da ya rage shi ne jarinka. Daga cikinsa za ka fitar da katako, batura, jak, da ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce, da kai kanka da iyalinka.

Wanki kuma da safar hannu mai kauri da ruwan bilic. Allurai sukan faɗa bayan benci da ƙasan kabad, saboda haka kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Cire bututun oksijin da na'urar zuƙo gaba ɗaya.

Yanzu ga wayoyi. Idan ka buɗe allon da ke bayan kujerar direba za ka ga sun cakuɗe kamar taliya, ranka zai ce ka yanke duka ka huta. Kada ka yi. Wasunsu suna tafe da fitilun birki da na gefe, wasu da na'urar ƙara ƙarfin inji idan mota na tsaye. Nemi taswirar wayarin daga kamfanin da ya ƙera akwatin, da lambar da ke jikinsa. In ba ta samu ba, ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da ya mutu, ka rubuta a salatif ka manna wa wayar. Wadda ba ka buƙata, ka rufe bakinta ka naɗe ta.

Maganar batir ita ce zuciyar aikin, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: batirin tayar da inji daban, na ɗaki daban. In ka haɗa su, wata safiya za ka murza makulli a daji ka ji shiru, firiji ya shanye wutar cikin dare. Lissafa abin da kake ci a rana. A ce firiji na cin 45Ah, fanka 16Ah a awa takwas, fitilu da cajin waya da famfon ruwa 20Ah. Kusan 80Ah ke nan. Kwana biyu ba rana ba tafiya, 160Ah. Batirin litiyam na LiFePO4 yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari nasa, don haka biyu masu 100Ah sun isa, nauyinsu duka bai wuce kilo 30 ba. Batirin dalma na AGM kuwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, sai ka sa huɗu, kusan kilo 120. Litiyam ya fi tsada, amma a motar da ake ƙirga kowane kilo, ni shi zan saya.

Kada ka jona litiyam kai tsaye da altaneta. Yana zuƙar duk wutar da ya samu har altaneta ta yi zafi ta ƙone, musamman in mota na tsaye. Sa caja ta DC-DC a tsakani, mai amfiya 30 zuwa 60. Farantan sola a rufi su bi ta na'urar MPPT. Babban fis ya zauna daf da kan batir na fosatif, tazarar kada ta wuce taƙi guda, domin wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta. Inbata mai wat 2,000 tana jan amfiya sama da 160 daga batir mai bolt 12, saboda haka wayarta ta zama gajeriya mai kauri. Litiyam ba ya son caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, zafi mai tsanani ma yana rage masa kwana. Ka ajiye shi cikin ɗaki ƙarƙashin gado inda iska ke ratsawa, a ɗaure tam. Wanda zai shigo da irin wannan mota Najeriya ko Nijar ya sani soket-soket ɗinta na bolt 120 ne, namu kuwa 220 zuwa 230, dole a sauya inbata da caja.

Sai jak. Ba kasafai ake samun fili lebur ba, kuma kwana a karkace ba barci ba ne. Ruwan kwanon wanki ya ƙi wucewa, firijin gas kuma ya lalace in ya daɗe yana aiki a gicciye. Ka bambance jak na hana girgiza da na daidaita mota. Na farko ba a yi shi don ɗaga nauyi ba, in ka tilasta shi zai lanƙwashe. Na biyu, mai haidurolik irin na HWH ko Lippert, ƙafa huɗu ne, kuma ana zaɓensa ne gwargwadon nauyin da sikeli ya nuna bayan an gama gini an cika tankin ruwa. A shasi ake ɗaure shi da noti, ba a jikin akwatin alminiyam ba, kuma ba a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa. Ka tabbata idan ƙafafun sun naɗe ba za su daki tudu ba.

Wajen amfani, ja hambirki, sa waigi, shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa in ƙasa na da laushi. Ɗora ma'aunin lebur na magina a tsakar ɗaki, ka fara ɗaga ɓangaren da ya fi yin ƙasa, ƙafa biyu a tare don kada shasi ya murɗe. Kada tayoyin baya su taɓa barin ƙasa, domin su ne hambirki ke riƙewa. Da sun tashi mota na iya zamewa. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In kuɗin haidurolik bai samu ba tukuna, yanka faffaɗan katako tsawo uku daban-daban, ka jera su hawa-hawa ka kafe da ƙusa, ka hau da tayar ɓangaren da ya yi ƙasa. A baya taya bibbiyu ne kowane gefe, sai ka yi faɗin katakon ya ɗauke su duka biyun.