Yaron da Ya Saba da Kai Ba Ya Ɓoye Ciwo

Maigida, ka sani yaron da ke tsoronka ba ya gaya maka ciwonsa. Sau da yawa a kan kawo mana yaro ɗakin magani, ya daɗe yana fitsarin jini, ya yi shiru don tsoron bulala. Tsargiya ke nan, wajen wanka a kududdufi a kan ɗauke ta.

Saboda haka ka ja yara a jiki. Bayan sallar lisha ka yi musu tatsuniyar Gizo da kacici-kacici. Ka koya musu dara, ku ƙera motar kara tare. In suna langa, ka tsaya ka yi alƙalanci. Wanda ya saba dariya da kai, ran da ya ga jini kai zai fara gaya wa. Ka kawo shi maza, akwai magani.