Kushewar Sarki Humayun a Delhi: Ladabin Muridi a Wurin Yawon Buɗe Ido

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa da yawa kan je Indiya don neman magani ko fatauci. Wanda ya sauka birnin Delhi, sau da yawa akan kai shi kallon hubbaren Sarki Humayun. Wuri ne da ake shiga da tikiti, jama'a na ta ɗaukar hoto, alhali maƙabartar Musulmi ce. Wannan darasi yana bayani a kan yadda muridi zai shiga irin wannan wuri ya fito da riba.

Tarihin wurin

Humayun shi ne sarki na biyu a daular Mugal. A 1540 Sher Shah Suri ya ƙwace masa sarauta, ya yi gudun hijira har Farisa. Bayan shekara 15 ya dawo ya karɓi Delhi a 1555. Bai cika shekara guda ba ajali ya riske shi. Masu tarihi sun ce yana saukowa daga benen ɗakin karatunsa sai ya ji kiran salla, ya rusuna don girmamawa, tufarsa ta harɗe shi, ya faɗo. Ya rasu bayan kwanaki kaɗan, a 1556.

Matarsa Bega Begum ta tsaya a kan gina hubbaren, magini Mirak Mirza Giyas ya zana shi, da jan dutse da ƙubbar farin marmara. An kewaye shi da lambu da hanyoyin ruwa suka raba kashi huɗu, don kwaikwayon ƙoramu huɗu na Aljanna da aka ambata a Suratu Muhammad. Sama da mutum 100 na gidan sarauta suna kwance a ciki. A nan ne kuma sarkin Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, ya ɓuya a 1857, sojan Ingila suka kama shi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Maƙwabcin da sarki ya nema

Kusa da lambun, tafiyar ƙafa kaɗan, akwai kabarin Shehu Nizamuddin Auliya, babban shehin ɗariƙar Cishtiyya, wanda ya rasu a 1325. A rayuwarsa ya guji fadar sarakuna, abin da aka kawo masa kuwa talakawa yake ciyarwa. Bayan wafatinsa sai ga sarakuna da ƴaƴansu suna son a binne su a unguwarsa, don kwaɗayin albarkar maƙwabtaka.

Gimbiya Jahanara, ɗiyar Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ta fahimci wannan. Ta kama ɗariƙar Ƙadiriyya, kuma da ta rasu a 1681 aka binne ta a farfajiyar Shehun, ba ƙubba, ba rufi, sai ciyawa bisa kabarinta, kamar yadda ta so.

Ladubban shiga

Na farko, gyara niyya tun daga ƙofa. Annabi (SAW) ya yi izinin ziyarar kaburbura saboda tana tunatar da lahira. Kallon gini halas ne, amma wanda ya tsaya a kan kallo kaɗai ya biya kuɗin tikiti ya bar ladar a baya.

Na biyu, sallama ga mamatan da roƙa musu gafara. Sarki a kabari mabuƙaci ne kamar kowa. Dutsen marmaran da ke tsakiyar ɗakin alama ce, gawar tana can ƙasa, cikin ƙasa irin wadda ake sa talaka.

Na uku, kada ya zauna ko ya jingina bisa kabari don hoto, ko da ya ga wasu suna yi. Ya sassauta murya, ya kiyaye idonsa.

Na huɗu, ya bambance hubbaren sarki da na waliyyi. Girman ƙubba ba shaidar matsayi ba ne a wurin Allah. Sarki addu'a yake buƙata.

Na biyar, kada yawon ya cinye masa salla ko wuridi. Mai kabarin nan kiran salla ne ya sa shi rusunawa a matakalar da ya faɗo. Abin kunya ne mai ziyararsa ya ji kira ya ci gaba da hoto.

Idan ya fito daga lambun, ya dace ya ƙarasa wurin Shehun, ya yi sallama da addu'a bisa abin da shehinsa ya karantar da shi.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa a cika da imani, albarkar Annabi (SAW). Amin.